Kunne Yana Nan

Tana tsaye a gaban tagar karɓar magani, hannun dama ya lanƙwashe a ƙirjinta, na hagu ya damƙe sanda. Gefen bakinta ya ɗan zube, amma ɗaurin ɗankwalinta tsaf yake. A babban yatsanta akwai kanta irin ta mai riƙe almakashi. Da alama tela ce, wadda ta saba a tsaya cak idan tana awo.

Mai ba da magani bai ko dube ta ba, ɗanta yake yi wa bayani. "Maganin damuwa ne, amma likita yana fatan zai taimaka maganarta ta dawo. Ɗaya kullum da safe. Kada ta daina zuwa koyon magana."

Sai ta buga sandar a ƙasa. Tana buɗe baki, kalmar tana maƙalewa, jijiyar wuyanta tana tashi.

"Umma, bari na..."

Harara ɗaya, ya haɗiye sauran. Layi ya yi tsawo, wani a baya yana tsaki, ita ko a jikinta. Tun da barin jikinta ya shanye, wataƙila haka kowa yake magana ta saman kanta, kamar ana shawara a kan kujera.

"Baki..." in ji ta da ƙyar, gumi a goshinta. "Baki... ya tafi. Kunne... yana nan."

Mai maganin ya gyara tsayuwa, ya juyo gare ta. "Yi haƙuri, Mama. Ɗaya kullum da safe."

"Da... farko," ta ce. Ya koma farkon bayanin.