Zauren Baba na Litinin da Laraba

Shekarar da ciwon gwiwa ya hana Baba zuwa gona, gidanmu na Kazaure ya ga ta kansa. Mutumin da ya saba hawa keke da sassafe zuwa gonarsa ta hanyar Roni, sai ga shi zaune a zaure tun hantsi har la'asar, ba abin yi sai gyara. Ya gyara wa Inna shanyar kuɓewa, ya gyara mini ajiyar babur, ko akuya ba ta tsira ba. Inna ta ja ni gefe ta ce, "Kai ne malamin makaranta. Ka nemo wa mahaifinka abin yi, ko ni in tafi gidanmu Babura in huta."

Mafita ta zo daga inda ba mu zata ba. Ƙanwata tana Ingila tana aikin kula da tsofaffi, kuma a lokacin ta koma wani gida da Yahudawan unguwarsu suka tanadar wa dattawansu. Ba kwana suke yi ba, wuni ne kawai. Wata Lahadi ta kira mu ta bidiyo, na riƙe wa Baba waya, ya tambaye ta yadda aikin yake.

Ta ce, "Baba, mota ce take ɗauko su da safe. Su sha shayi tare, su motsa jiki daga zaune, sai a shiga darasi. Yau tarihi, gobe waƙoƙin kakanninsu, jibi zane ko koyon waya. A ci abincin rana, kowa ya koma gida."

"Yahudawa kika ce? Me suke ci?"

"Ba sa cin alade, Baba, kuma suna da irin yankansu. Ran Juma'a da wuri ake tashi, don Asabar ce ranar hutunsu. Akwai wata tsohuwa da ta haura casa'in, bana ta fara koyon zane, kuma ba mai taɓa mata kujera."

Baba ya ce, "Casa'in? Ai ta ba ni shekara ashirin." Washegari ina karin kumallo ya leƙo ya ce, "Allon nan da ka jingine a ɗaki, gara kake kiwata wa?"

Haka muka fara zaman karatun dattawa a zaure, cikin hutun makaranta, Litinin da Laraba, daga hantsi zuwa azahar. Ranar farko mutum biyar suka zo. Akwai aminin Baba, tsohon tela mai baki kamar reza. Akwai kuma wani dattijon Bafulatani da muke kira Baffa, wanda ɗan acaba ya kawo tun daga ƙauyensu na wajen Gwiwa. Yana shigowa ya dubi Baba ya ce, "Ni Gwiwa ba ta hana ni fitowa ba, kai gwiwa ta zaunar da kai!"

Na tsaya gaban allo da alli, na rubuta baƙi uku, na manta inda nake, na daka tsawa: "Kowa ya maimaita!" Tela ya gyara hula ya ce, "Ɗana, ni na ɗinka rigar da ka fara zuwa makaranta da ita. Sassauta murya." Na durƙusa na ba da haƙuri. Nan take suka yanke hukunci: ni in koyar da boko rabin lokaci, sauran rabin kuma kowa ya koyar da abin da ya sani, ni ma in zauna a tabarma in saurara.

A gaskiya na fi su ƙaruwa. Baffa ya kwashe Laraba biyu yana koya mana sunayen shanu da Fulatanci, kowace da launinta da yanayin ƙahonta, yana ɓata rai idan muka karkace harshe. Tela ya nuna yadda ake gane yadi mai kyau da yatsu biyu. Baba ya ba da tarihin rijiyoyin unguwarmu, wa ya haƙa wacce, har gardama ta kaure sai da Inna ta aiko da kunun tsamiya aka yi sulhu.

Motsa jiki ne ya so ya gagara. Maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar asibiti, ta zo ta auna jininsu, sannan ta ce kowa ya ɗaga hannu sama. Ba wanda ya motsa. Tela ya ce da furfurarsa ba zai yi wasan 'yan firamare ba. Ta yi murmushi ta ce, "To iyayena, ku nuna mini yadda ake yankan gero, ni ban iya ba." Kafin ka ce kwabo duk sun miƙe, kowa yana cewa ɗan'uwansa bai iya riƙon magirbi ba. Sai da suka yi gumi sharkaf ta ce ya isa haka, jibi kuma sai shuka.

Baba ya iya ajami tun yana yaro, amma a takardun hukuma dangwale yake yi, kuma ashe abin yana ci masa rai. A mako na shida ya rubuta sunansa da boko, baƙaƙen sun karkace kamar dangar da iska ta tura. Ya ce in ɗauki hoto in tura wa ƙanwata. Ita kuma ta nuna wa tsofaffinta, sai ga bidiyo ya dawo: mutum goma sha wani abu a kan kujeru, wasu da 'yar hula a tsakar ka, suna tafi suna cewa "Sannu, Baba!" da wata irin Hausa. Tela ya yi dariya har da hawaye. Baba ya ce a mayar musu da gaisuwa yadda ya kamata, aka jeru a ƙofar gida, Baffa ya ƙara da tasa ta Fulatanci.

Da hutu ya ƙare na koma aiki, na ɗauka zaman zai watse. Ina! Suka naɗa tela shugaba, suka kai mutum goma sha huɗu. Inna ma ta tara ƙawayenta ran Talata a tsakar gida, su kuma waya suka ce a koya musu, don su riƙa tura wa jikoki saƙon murya ba tare da roƙon kowa ba.

Bayan kaka suka ce sai an fita yawon buɗe ido. Na samo mota ranar Asabar muka nufi bakin dam ɗin garinmu. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwa, aka soya kifi, wani masunci ya ce zai zaga da su a kwalekwale bibbiyu. Baffa, wanda ya ƙetare dazuzzuka da garke har cikin Nijar, ya ce shi da ruwa sai a buta. Baba ya dafa sandarsa ya shiga, tela ya bi shi yana salati. Da suka dawo lafiya, Baffa ya kasa jure tsiyar da suke masa, ya tuɓe takalma ya shiga, ya ƙanƙame gefen jirgin da hannu biyu, idonsa a rufe.

Sun yi nisa kaɗan muka hango ya buɗe ido, ya saki hannu ɗaya yana nuna duwatsun da ke bayan gari. Da masuncin ya juyo da su zai sauke shi, muna jin muryarsa daga gaɓa yana cewa, "Kai malam, ina kake gaggawar zuwa? Ƙara zagayawa, ban gama gani ba."