Furar Habsu Ɗiyar Majemi

Ranar wata Laraba ce, lokacin noman firi, wato noman farko, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, anka yi gayya a gandun Sarki. Sarki muke ce mashi, ko da yake rawaninshi bai wuce ƙauyenmu da wasu tunga uku can bayan Turba ba. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, gero ya kai gwiwa. Mai gangar noma na bin bayan samari yana zuga su, mu yara muna gefensu da ƙananan kalmunanmu na noma. Da rana ta take, sai ga Habsu matar Sarki da ƙwaryar fura bisa kai, ita da kanta, 'yan mata biyu na biye da ita. Ba a taɓa ganin haka garinmu ba. Matar sarki aikowa take yi, ba ta fitowa.

Habsu ɗiyar majemi ce. Ubanta na jiƙa fatun awaki da bagaruwa a bayan gari, in iska ya juyo kowa ya san aikinshi. Tun da matar Sarki ta farko ta rasu Sarki ya ɗauko Habsu, mata ba su da wata hira wurin sussuka sai tata. Kullum ina nan ina korar kaji daga hatsi, ina ji. Kakata Hajjo ita ce kan gaba. Ba ta da ma'auni sai Ta-Allah, matar tsohon Sarki, wadda ta rasu tun ba a haife ni ba: ɗiyar sarauta, zanen Gobir reras a kumatu, ta shekara talatin ba wanda ya ga haƙorinta a waje. "Waccan ita ce mata," in ji kakata, "wagga ko a wanke ta da turare, warin jima ba ya barin hannu." Gwaggo Nana ce kaɗai ke tanka mata. Sai ta dafa taɓarya ta ce, "Ba a ga haƙorin Ta-Allah ba, to shekarar yunwa an ga hatsinta?" Sai faɗa ya tashi, a tono wadda ta yi rowa, da wadda ta yi tsiwa, har ƙaiƙayi ya ƙare.

To ranar gayyar nan Habsu ta durƙusa gindin gawo ta dama furar da hannunta, ta miƙo mini ludayi, don ni ne kusa. Ban san abin da ya hau kaina ba. So nike samari su san da ni. Na ɗaga murya na ce, "Ni ba ni shan furar da ke warin jima." Anka fashe da dariya. Mai ganga ya ɗauki maganar ya sa a kiɗa. Waɗanda sunka riga sunka ɗauki ludayi sunka aje, don kar a yi masu dariya su ma. Fura mai kyau, da nonon Fulani, ta yi tsami a rana ba wanda ya taɓa. Habsu ta tattara kayanta. Ta rufe ƙwaryar da faifai, ta gyara gyale, ta koma gida.

Da marece kakata ta kwaɗa mini mari, ta ce, "Maganar bakin turmi ba ta zuwa gona." Ba ta ce ƙarya na yi ba. Tun daga ranar Habsu ba ta sake fitowa ba, kuma sunan mai warin jima ya bi ta. Har yaran da ba su san mafarinshi ba suna faɗi. Ni ko na girma, na yi aure, ban taɓa zuwa na ba ta haƙuri ba. Kullum sai in ce gobe za ni.

Shekarun nan da 'yan bindiga sunka tashe mu, na shigo garin Isa da mata da yara shida, ba mu da ko tabarma. Anka nuna muna wani gida, anka ce wata tsohuwa na karɓar mutanen ƙauyenmu. Habsu ce. Tun rasuwar Sarki tana nan wurin ƙanenta. Ta tsufa, ta ranƙwafe, amma ta gane ni. Ta dama fura, ta ba yarana, sannan ta miƙo mini ludayi.

"Sha, Mamman," ta ce. "Na wanke hannu."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba, har murmushi ta yi. Na sha, ban iya ɗaga kai ba. Wata uku muna cin tuwonta, bakina bai buɗe da ban haƙuri ba, har Allah ya karɓi abarshi.

Yanzu gandun Sarki ya zama daji, ba ganga, ba gayya. A bakin tasha nakan ji ana gardamar matan manya, wagga ta dace, waccan ba asali. Ba ni sa baki. Na taɓa sawa sau ɗaya, ya ishe ni.