Biyu ga Watan Ɗaya

Ban gama lise ba, wato babbar sakandare. Aji biyu na yi aka ce in koma gida, na koma. Abin da na sani na ordinatar, wato kwamfuta, a wani shagon intanet na Maraɗi na tsince shi, inda na yi shekara huɗu ina buga wa mutane takardu, ina karanta wani tsohon littafin rubuta porogaram da wani ya manta bai dawo nema ba. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ɗauka injiniya ke magana. Injiniyoyin na gan su, na zauna da su, kuma ban taɓa roƙon Allah ya maida ni irinsu ba.

Shekarar da nake nufi, hatsi ya ƙone a tsaye tun daminar baya, rumbuna suka wayi gari babu komi, sojoji kuma suka sake hawa kujera a Yamai. Da sabuwar damina ta kama, wani babban kamfani mai rassa a ƙasashe da yawa ya samu aikin tsara sunayen gidajen da za a ba hatsin taimako a Tasawa da Mayahi. Suka kama haya a Tasawa, gida mai bene, suka kafa injin wuta da ba ya hutawa, suka ɗauki ɗalibai masu hutu su yi istaj. Istaj shi ne ka yi aikin ma'aikaci a kira ka ɗalibi. Uku daga jami'a suka zo. Ni ne na huɗu, don ana neman wanda ya san sunayen ƙauyuka. Aka ce mana bayan wata uku za a riƙe mutum ɗaya aiki na dindindin. Ni kuwa na sa rai, ba na ɓoyewa.

Ranar farko aka rataya mani kati a wuya kamar ragon da aka saya, aka ba ni riga mai tambarin kamfani. Kowace safiya mu yi da'ira a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da zai yi yau. Kujeru na nan jere, amma wai a ƙasashen da suka ci gaba a tsaye ake yi. Sanyin ɗakin har mura yake sa ni. Ta taga kana hangen mata suna wucewa da ƙwaryar anza a kai, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwanaki kafin su ciwu.

Shef ɗinmu, wato shugaban ofishin, yaro ne, na girme shi. A waje ya yi karatu. Yana jin Hausa sarai, amma ba ya yin ta sai in zai tsawata wa gardi ko zai yi mani ba'a. Bai taɓa kiran sunana ba, Tasawa yake ce mani, ko da yake na gaya mashi ni mutumin yankin Sarkin Hausa ne, can ƙasar Mayahi. Abu ɗaya ya yi imani da shi: baƙauye ɓarawo ne, in ka ba shi takarda sau biyu zai rubuta kansa. Saboda haka ya ba ni aikina na kaina. In rubuta porogaram da za ta bi sunayen duka, in ta ga mutum biyu masu suna ɗaya, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, cikin komin ɗaya, wato gunduma ɗaya, ta bar na farko ta jefa na biyu kwandon shara.

Kwana tara na yi a kanta. Da ta tashi aiki ba tare da ta tsaya ba, wallahi na ji daɗi kamar an yi mani haihuwa. Amma tun ina rubuta ta na san akwai matsala. A ƙasarmu wa ya san ranar da aka haife shi? Mai rubutu ya dubi gemunka ya yanka maka shekara, rana kuma ya sa ɗaya ga watan ɗaya, haka kowa. Sunaye kuwa, ka tsaya kasuwar Mayahi ka kira suna ɗaya da sunan uba, ka ga kawuna nawa za su juyo.

Na faɗa a taron tsaye. Na ce, "Shef, a nan kowa ɗaya ga watan ɗaya aka haife shi."

Ya ce, "To kun huta, biki ɗaya ya ishe ku."

Ƴan jami'a suka yi dariya, don dariyar shef aiki ce ita ma. Na ce a ƙara sunan ƙauye cikin abin da ake dubawa. Ya ce masu zagayawa a kan moto suna ɗaukar sunayen mutane, kowa da yadda yake rubuta sunan ƙauye, ba shi da lokacin gyara.

"Tasawa, tu compliques, ka cika dagula abu. Mashin ba ta ƙarya."

Na koma kujerata. Ina son aikin nan.

Bayan rabon farko, ranar kasuwar Tasawa, gardi ya leƙo ya ce wani tsoho na nemana a ƙofa, ya hana shi shiga don ƙafafunsa duk laka. Kawuna ne, wan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Amalanken aro ya hawo tun asuba. Na durƙusa na gaishe shi, ya kama katin wuyana yana juyawa.

"Kai kuma wa ya ɗaure ka?"

"Aiki ne, Kawu."

"Madalla. To ni an ce mani na mutu cikin akwatinku. Na zo in ji ranar sadakar uku."

Ya ce ya yini a rana a Sarkin Hausa ana kiran sunaye. An kira nashi, ya miƙe, wani mutum daga wani ƙauye shi ma ya miƙe, aka duba takarda aka ce na wancan ne.

Na ce, "Ba mutuwa ba ce, Kawu. Mashin ta ga ku biyu ne, ta ɗauka mutum ɗaya ne."

"Mutum ɗaya? Shi dogo ne hwa, kuma ido ɗaya gare shi. Wane jaki ne ya koya mata?"

Sai ya rage murya. Ya ce irin da ya rage bayan shuka sun cinye, gidan mutum goma sha ɗaya, anza kawai ake jiƙawa, ƙaramar jikarsa ta fara zawo. Rabo na biyu saura kwana goma. Bai roƙe ni ba. Ya ce, "Ɗana, na dai gaya maka," ya juya wajen amalankensa.

Na shiga wurin shef na ce akwai wanda aka share bisa kuskure, ban ce kawuna ba ne. Ya miƙo mani takardar koke. A cika, a kai Yamai, kwamiti ya zauna. Na tambayi kwana nawa. Ya ce kamfani na da tsari, ba kasuwa ba ce.

Da rana shef da ƴan jami'a suka fita cin shinkafarsu, na ce cikina ke ciwo. Na buɗe kwandon sharar porogaram ɗina. Ga kawu nan. A ranar haihuwarsa na goge ɗaya na sa biyu, biyu ga watan ɗaya, na maida shi cikin jeri. Mashin ta karɓe shi ba gardama. Abin da ya rage in faɗa shi ne wanda ba na son faɗa. A sama da shi da ƙasa da shi sunaye ne har ƙasan gilashi, in ka ja su ci gaba da zuwa. Na ga limamin ƙauyenmu. Na ga maƙerin da ke gyara mana hauya. Na ga wata gwauruwa da ta sha ba ni fura ina yaro. Na dube su, na rufe. Na lissafa cewa mutum ɗaya zai ɓoyu, da yawa ba za su ɓoyu ba, kuma har lokacin ina mafarkin kujera a ɗakin sanyi.

Ɗayan ma bai ɓoyu ba. Ashe duk wanda ya taɓa wani abu mashin tana rubuta sunansa da lokacin. Wannan babu shi cikin tsohon littafina. Kwana huɗu shef ya kira ni gaban kowa, a taron tsaye.

"Wannan wane ne?"

"Kawuna ne."

Ya juya ga ƴan jami'a, fuskarsa har haske take. "Voilà. Ba na gaya maku ba? Har na cikin gida."

Na ce mutumin yana da rai, kwana huɗu da suka wuce ya tsaya a ƙofar nan, gardi shaida ne. Ya ce ba rai ake magana ba, tsari ake magana. Ya miƙa hannu, na cire katin na ba shi. Rigar ma ya ce in maido bayan an wanke. Na ce abu ɗaya nake roƙo, a bar sunan. An riga an buga jerin an aika Mayahi. In zai janye shi sai ya rubuta wa Yamai dalili, in kuwa ya rubuta, wani zai tambaya yadda aka yi porogaram ta share mai rai, kuma nawa ta share. Ya ce in fita. Ba tausayi ya bar sunan kawuna ba, tsoron manyansa ne.

Ranar rabo na biyu na hau moto zuwa ƙauye. Na tarar buhu ɗaya jingine a zauren kawu, mutane zaune kewaye da shi kamar gaisuwar mutuwa. Kawu ya riga ya gaya wa kowa ɗan ƙanwarsa ne ya tashe shi daga kabari. Liman ya dube ni.

"To mu hwa, malam? Ko sai an haɗa jini?"

Na ce an kore ni. Maƙeri ya ce, "Kafin a kore ka ɗin, ba ka gan mu ba?"

Na ce na gan ku.

Sai Kawu ya kira matarsa ya ce ta kawo tiya, kwanon awo. Ta tsaya bakin ƙofa tana dubansa, ya sake faɗa da ƙarfi. Ya kwance bakin buhun da kansa, ya fara auna wa kowane gida, gwauruwar nan ta farko. Wasu a hula suka karɓa. Abin da ya rage wa gidan mutum goma sha ɗaya bai kai Juma'a ba, ranar Asabar aka koma jiƙa anza.