Ranar da Kakata Ta Naɗa Rawani

Komai tsufan da zan yi, ba zan manta da daminar babban farin nan ba, wadda na yi hutun makarantarta a ƙauyenmu kusa da Sule Tankarkar. Sau biyu Baba yana shuka rana tana ƙonewa. Da ya zuba ragowar irin, sama ta sake yin shiru. Ya daina cin abinci. Wuni yake a zaure yana kallon gabas, Inna ta kai tuwo ta dawo da shi ba a taɓa ba. Muna gani yana ramewa kamar karan bara.

Sai matan gari suka shirya roƙon ruwa, irin wanda mata kan sa kayan maza su zaga gari da waƙa. Kakata, mahaifiyar Baba, 'yar guntuwar tsohuwa ce. Ta zura babbar rigarsa tana jan ƙasa, ta naɗa rawaninsa, ta manna gemun auduga da ƙaro. Ni kuwa, mai kunyar ko ɗaga ido, aka ɗaure mini wandonsa a ƙirji.

Maimakon mu bi mata, sai ta ja ni zaure, ta yi gyaran murya irin na Baba.

"Maigidan na nan, ko ya bi hadari Damagaram?"

Baba ya ce, "Iya, mene ne haka?"

"Wace ce Iya? Malam ne. An ce akwai yaron da ke gaba da sama a gidan nan. To, ta aiko ban haƙuri?"

Ta zauna kusa da shi, ta zuba tagumi, tana hararar gabas. Nan akuyarmu, wadda yunwa ta sa ba ta ƙyale komai, ta leƙo ta fizge gemun ta arce.

Kaka ta shafa haɓa ta ce, "Ka ga mai hankali. Ita abin da ta samu take ci."

Baba ya yi dariya har da hawaye, mu ma haka. Da ya nutsu ya ce, "Ke mai wando, kawo tuwon nan."

Ruwa bai sauka ranar ba, kuma shekarar ba mu cika rumbu ba. Amma tun daga nan na gane raha ba ta kawo ruwa, sai dai tana riƙe mutum da ransa har ruwan ya zo.