Rabin Doki

Taubashina, ɗan kawuna, ya bar aiki a Safana ya dawo Batsari da lokaci mai yawa a hannunsa da kuma yaƙinin cewa shi injiniya ne. Babu wanda ya taɓa ba shi wannan suna sai masu son sayar masa da kaya.

A bayan gida ya ƙera amalanke. Ƙafafun tsohuwar a-kori-kura ya sa mata, mai walda ya haɗa masa ƙarafa masu kauri, ya shimfiɗa katako, ya kafa kujera a tsakiya. Sai ƙarti huɗu sun taru take motsawa. Ya ce ba ta shanu ba ce, da lantarki za ta yi tafiya, don haka ya hana a sa mata sandar da ake ɗaura wa karkiya. Batura biyu da farantin sola sun riga sun iso. Injin da zai juya tayoyin kawai ya rage.

Da abin ya tsaya a wasa, da ban damu ba. Amma Kawu ya shekara biyu ƙafa ba ta ɗaukarsa, bayansa kuma ba ya jure babur, kullum maganarsa gonarsa ta hanyar Karare. So yake ya ga geron a tsaye kafin a girbe. Wani maƙwabci ya ce zai kai shi a amalankensa ta shanu. Taubashina ya hana, ya ce ubansa ba taki ba ne da za a ja shi da bijimai, shi zai kai shi.

Injin da ya dace yana nan a Katsina, irin na keken lantarki mai ƙafa uku, haɗe da giyarsa. Ya je ya gani, ya ji kuɗin, ya dawo yana cewa 'yan birni ɓarayi ne. Daga nan ya shiga neman araha. Ya cire injin fankar ɗakinsa, bai ko yi motsi da batir ba. Ya gwada na shafar gilashin mota, taya ta juya sau ɗaya a sama, da aka sauke ta ƙasa ta tsaya. Gero kuwa yana ta nuna.

Ranar kasuwar Safana na raka shi wurin wani mai tsofaffin ƙarafa. Mutumin ya fito da injina biyu na famfon sola, ya goge ƙaramin allon da ke jiki da babban yatsa, ya ce kowane ƙarfin rabin doki ne.

Taubashina ya yi lissafi da yatsunsa. Sannan ya juyo gare ni.

"Kai bawa, saurara ka ƙaru. Rabin doki ai jaki ke nan. Jaki biyu doki guda. To wane bijimi ne zai kamo doki?"

"Haka yake, Injiniya," in ji mai ƙarafan, yana duban ƙasa.

Wani mai naɗin koyil, wato mai gyaran wayoyin cikin inji, da ke rumfar gefe ya ji tausayi ya sa baki. Ya ce dokin da ake rubutawa a jikin inji ba na barga ba ne, waɗannan an yi su ne su juya da sauri su turo ruwa, ba su tayar da nauyi ba, kuma in babu giya za su ƙone a yashin farko. Taubashina ya tambaye shi ko ya taɓa ƙera wani abu a rayuwarsa ban da gyaran na wasu. Ya ɗauki jakunansa biyu muka tafi.

Ranar tafiya Kawu ya sa a fito masa da farar rigarsa ta Juma'a. Muka ɗora shi a kujera. A kan ƙasa mai tauri amalanken ta tafi, a hankali ƙwarai, har taubashina yana ɗaga wa mutane hannu. Muna wuce gidajen ƙarshe muka shiga rairayi. Injinan suka yi gurnani, tayoyin suka tsaya, sai warin ƙonanniyar waya da hayaƙi daga ƙarƙashin kujerar.

Maƙwabcin nan ya kawo bijimansa, aka zagaya amalanken sau biyu, babu inda za a ɗaura su. Tasa amalanken kuma wani ya are ta ya tafi ɗaukar yashi da nasa shanun, sai yamma. Rana ta yi zafi. A kan tabarma muka mai da Kawu gida, mu huɗu, rigarsa na warin hayaƙi. Abu ɗaya ya faɗa a hanya, ba tare da ya dubi ɗansa ba: "Da ka bar ni na zama takin."

Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar, a cikinsu aka girbe gonar. Da ya samu sauƙi aka kai masa dami ɗaya ƙofar ɗaki. Ya zaro zangarniya, ya murza a tafin hannu, ya hure, ya daɗe yana duban tsabar. Ya tambaye ni ko gefen kwari ya yi kamar wannan. Na ce ya fi. Ban sani ba, ni ma ban je ba.