Ɗanyen Ginin da Gwaggo Hajo Ta Bari

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina, maginiyar tukwane a Bakura. Har yau in ruwan fari ya sauka ƙasa ta yi ƙamshi, sai in ga kamar tana bayan gida a sunkuye, tana murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa, matan ƙauyukan Dakko da Damri sun kewaye ta suna koyo.

Gidanmu na fataken shanu ne, abin da ba a ci ba a sha ba mu san darajarsa ba. Ita kuwa in ta gama randa da tulu, sai ta gina wasu abubuwa marasa baki, wani kamar tozon sa, wani kamar gulbi ya cika yana juyi. Na taɓa tsokanarta, na ce me za a dafa a ciki? Ta ce, "Ɗana, wanga abincin ido na."

Da za ta leƙo kasuwar Mafara yau ta ga robobi sun cinye rumfunan tukwane, na san ba za ta yi fushi ba. Ƙwanƙwasa bokiti za ta yi, ta kasa kunne, ta yi dariya.

Gininta na ƙarshe ɗanye ta bar shi, bai shiga wuta ba. Na kawo shi gidana a Talata Mafara na lulluɓe, na hana kowa gasa shi, don tsoro nake ya fashe in rasa abin da ya rage mini nata. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni dai ban sani ba. Daminar bara ruwa ya ɗiga a kansa, gefe guda ya fara narkewa.

Na rungume shi a mota har Maradun, wurin Asabe, almajirar Gwaggo da yanzu ke koya wa mata gini. Ta shanya shi, ta rufe da kara da busasshen kashin shanu, ta sa wuta. Muna tsaye muka ji ƙarar fashewarsa. Na yi kuka, ban ji kunya ba.

Da toka ta huce, Asabe ta tsince gutsattsarin ta zuba a turmi ta hau daka. Na daka mata tsawa. Ta ce, "Haƙuri, Malam, haka ta koya muna. Tsohon kasko aka dakawa a zuba ga sabon yumɓu, shi ka hana mai fashewa cikin wuta." Ta raba garin ga ɗalibanta, kowace tafi guda.

Shekara da shekaru ina gadin Gwaggo a ɗaki ni kaɗai, ashe ita wurin masu gini take son komawa. Bayan wata biyu Asabe ta aiko mini ɗan tulu, jikinsa da ɗigo-ɗigon jan garin nan. A cikinsa nake shan ruwa in na dawo daga kasuwar shanu, kuma ban taɓa tambayar me za a dafa a ciki ba. Allah Ya sanyaya makwancinki, Gwaggo, kamar yadda ruwan nan yake da sanyi.