Maman Godwin da Kwatar Layinmu

Unguwarmu gona ce ba da daɗewa ba. Tana can gefen Sabon Garin Wudil, inda gari ya fara cin karkara. Mai gonar ya rasu, magada suka kira dillalai, dillalai suka zo da igiya da turaku suka yanka ta fuloti-fuloti. Awon igiya ke nan, babu taswira babu hukuma. Sun dai bar layi a tsakiya, kuma tsakani da Allah layin yana da faɗi. A lokacin mota biyu za su haɗu, direbobin su tsaya su gaisa har su tambayi iyali, mai keke ya wuce ta gefe.

Babanmu, Allah ya ji ƙansa, shi ya fara gini. Ya zaɓi fulotin ƙarshe, can ƙasan layi, don kawai akwai bishiyar mangwaro a ciki. Ya yi ɗaki biyu da soro, ƙofar gida daidai da ƙasa, yadda ya ga ana yi a ƙauyensu. Bai daɗe a ciki ba ya koma ga Ubangiji. Yayyena mata suna gidajen aurensu, sai aka bar Inna Saudatu da ni. Sunana Muhyiddeen, amma ko malamin da ya raɗa mini shi Auta yake ce mini.

Daga nan masu hali suka fara zuwa. A layinmu duk wanda ya zo gini, tambayarsa ta farko ga birkila ita ce, “Ina tsayin ƙofar maƙwabcina?” Sai ya ce a ɗara ta. Na bayansa ya zo ya ɗara tasa. To get ya yi sama, mota ba ta da fiffike, sai a zubo tudun kankare daga bakin get har cikin layi don ta samu ta hau. Ga dakali a gefe, don ba a raba mai gida da wurin hira. Kowa ya gutsiri kaɗan, ba wanda ya ji ya ci haƙƙin wani. Ni da nake jan adaidaitar wani bawan Allah, in na shigo layin da fasinja sai na ce ya riƙe hularsa ya yi salati.

Ruwan sama kuwa ba ya shawara da kowa. Ya sauko daga saman layi, wannan tudu ya tura shi hagu, wancan ya tura shi dama, ya taru ya nufo gidan da ya fi kowanne ladabi, wato namu. Daminar waccan shekarar sai da ruwa ya kai mini gwiwa a tsakar gida, turmin Inna yana yawo kamar jirgin fito, katangar baya ta tsage. Kawu Jibril, yayan Inna, ya zo daga Achika ya duba. Ya ce magana ɗaya ce: in damina mai zuwa ta sake shiga ɗaki, zai turo mota a kwashe Inna ta koma Achika, ba zai zauna ya jira a kira shi a ce gini ya danne ƙanwarsa ba. Inna ba ta musa wa yayanta. Ta dai shiga ɗaki ta daɗe tana gyara shimfiɗar da take a gyare.

Abin da ya rage mana shi ne fuloti ɗaya da ba a gina ba, jikin katangarmu ta sama. Nan ruwa yake ɗan yada zango kafin ya shigo mana. Sai ga labari wai an sayar da shi, wata ma'aikaciyar jami'a ta saya. Na ce wa Inna ta fara ɗaure kaya, don masu albashi in sun tashi ɗaga gini sai an sa musu tsani.

Ranar da na fara ganin matar da safe ne. Gajeriyar mace, kakkaura, da malafa irin ta manoma a kan ɗankwali, tana jan wani dogon tiyo fari mai ruwa a ciki. Ta ganni ina goge adaidaita.

“Sannu da aiki, samari. Nan gidanku ne?”

“Namu ne, Mama, mu da kwaɗi. Su ne dai suke hutu yanzu, sai damina.”

Ta yi dariya har malafar ta zame. “Kai ka cika surutu. Zo ka riƙe mini kan tiyon nan a jikin ƙofarku.”

Na riƙe. Ita ta ja ɗaya kan zuwa ƙofar gidan da ke saman fulotinta. Ruwan cikin tiyo ba ya ƙarya, in ji ta, duk inda ya tsaya a nan, daidai nan ya tsaya a can. Ta yi alama da gawayi, ta dawo ta duba tawa, ta girgiza kai.

“Mamanka tana ciki?”

Sunanta Rifkatu, amma kowa Maman Godwin yake ce mata. Mutuniyar Adamawa ce. Babanta lebura ne na gyaran hanya, irin masu cike ramuka da yashe kwalbati kafin damina, kuma tun tana ƙarama take kai masa abinci bakin titi. Ta ce a wurinsa ta koyi kallon ƙasa: in sun je gari baƙo, kafin ya tambayi masauki sai ya tambayi inda ruwan garin yake bi. Ta yi difloma a fannin gine-gine, ta samu aiki a sashen ayyuka na jami'a, inda take zana hanyoyi da magudanai. Mijinta Malam Elisha yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Sun gaji da haya, ƙuruciya kuma ta wuce, shi ne suka ce bari su kafa nasu.

Da aka zo gini, birkilanta Dauda ya yi abin da ya saba, ya je ya auno ƙofar maƙwabci. Ta ce a'a. Ɗakuna za a ɗaga, amma get zai zauna daidai da layi. Hawan da mota za ta yi, a cikin fulotinta za a yi shi, ba a kan hanyar jama'a ba. A gaban gida kuma a haƙa kwata, a rufe daidai faɗin get da murfin kankare wanda za a iya ɗagawa a yashe.

“Madam, za a yi mini dariya a gari,” in ji Dauda. “A ce ni na gina gidan da ya durƙusa.”

“Ka ce musu gaisuwa yake yi.”

Malam Elisha ma bai ji daɗi ba. Wurin da hawan motar ya cinye, nan ya so ya yi akurkin kaji da lambun yakuwa. Bayan sun tare, wata rana ina jin su ta katanga. Ya ce mata, “Rifkatu, in muka yi ƙasa, mu ma ruwan zai sha mu.” Ta ce haka ne, in dai kwatar ta tsaya a ƙofarsu kaɗai. Dole sai ta taso tun daga saman layi ta faɗa babban kwalbatin titi. Ya ce, “To wa zai sa mutanen nan su fasa tudunsu, ke?” Ni dai sai na ji ƙarar cokali a tukunya.

Mu maza mun taɓa yin taro a kan maganar nan a ƙofar masallaci. Kowa ya yarda akwai matsala, kowa ya nuna tudun wani, aka yi fatiha aka watse. Ita Maman Godwin ba ta kira taro ba. Tana da abin da babu wani injiniya namiji da yake da shi: tana iya yin sallama ta wuce soro ta shiga har tsakar gida. In ta taso aiki da yamma sai ta ɗauko Inna, su bi gida-gida. Inna ce mai buɗe ƙofa da gaisuwa, ita kuma ta zauna a tabarma, ta taya matan gida tsince shinkafa, hira ta yi hira. Ashe matan nan duk a cike suke. Wannan ruwan wanke-wankenta ba ya fita, waccan ɗanta ya zamo daga tudu ya fasa haɓa, wata kuma ranar da naƙuda ta kama ta sai a bakin layi mota ta tsaya aka riƙo ta a ƙafa.

Ba ta cika su da turanci ba. Ta ce layi kamar tsakar gida ne na kowa: tsakiyarsa ta ɗan tashi, ruwa ya gangara gefe, kwata ta bi jikin katangu ba tare da an katse ta ba, kowa ya haura ta da murfi. Dakali a matsar da shi jikin bango. Gidan da ke kan kwanar layi kada ya fito da komai, don mai mota ya hango yaro. Shi ke nan. Bayan 'yan kwanaki sai ka ga mai gida ya fito da safe yana zagaya tudunsa, hannu a baya, yana cewa dama shi ya daɗe yana tunanin gyara shi.

Sai Alhaji Yahuza, dillalin shanu a kasuwar Kara. Tudunsa ya fi na kowa, an ma shafe shi da jan fenti, kuma daidai nan ruwa yake karyo kwana ya nufo mu. Ya aiko cewa kankarensa ba zai taɓu ba. Matarsa Hajiya Rahinatu ce ta ba Maman Godwin satar amsa, ta ce kwanakin nan ba abin da yake hana Alhaji cin tuwo sai wani manomi a wajen Lajawa da ya shuka gero a cikin burtali, hanyar da shanu suke bi tsakanin gonaki.

Ni na raka ta, don ina son ganin ƙarshen wasan. Muka same shi a dakali bayan la'asar. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da kasuwa.

“Kasuwa da godiya, Madam, in ban da mutanen da ba sa tsoron Allah.” Ya kwashe labarin burtali ya zuba mata, har da tashi tsaye.

“Kai, abin ba daɗi,” in ji ta. “To Alhaji, in an toshe burtali, ina shanun suke bi?”

“Gonar wani mana! Wanda bai ji ba bai gani ba.”

“Sai a ce laifin shanun ne?”

“Wane irin laifin shanu? Dabba ce, dole ta...”

Ya tsaya. Ta sunkuyar da kai tana kallon jan tudun nan kamar ranar ta fara ganinsa. Ni kuma dariya ta taso mini, na mayar da ita tari.

“Kai Auta, tashi ka ba ni wuri! Madam, da shirinki kika zo.”

“Da roƙo na zo, Alhaji. Matar marigayi ce a ƙasan layin nan.”

Ya shiga gida ya bar mu da dakali. Kuma bai fasa tudun duka ba har yau. Amma ranar da aka fito aikin gayya, sai ga yaransa da guduma, suka rage shi, suka tsaga tsakiyarsa aka shimfiɗa ragar ƙarfe. Shi ya kawo tifar yashi daga bakin kogi, yana ta faɗa wa mutane cewa shi bai taɓa son a takura wa hanya ba. Gida ɗaya ne ya gagara, na wani da yake zaune a Kano, get a kulle, waya ba a ɗauka. A nan kwatar ta yi wata 'yar lanƙwasa, Maman Godwin ba ta wucewa ta wurin sai ta yi tsaki.

Ruwan gwaji ya zo ran wata Juma'a da yamma, ana tashi daga kasuwa. Na bar fasinja a rumfar wani mai shayi na taho gida a guje. Inna ta riga ta ɗora buhun masara da akwatinta a kan gado. Na leƙa waje, sai ga ruwa jawur yana gudu a kwata, ya bi ƙarƙashin ragar Alhaji, ya wuce ƙofar Maman Godwin. Can sai ya fara tumbatsa a lanƙwasar nan, ledoji sun taru sun toshe ta. Ya hau layi, ya shigo soronmu har idon sawu.

Kafin in nemo shebur na hango Maman Godwin. Ta ɗaure zani a kan siket, ga Malam Elisha da manjagara, ga Godwin ɗansu, ga Dauda birkila da ban san daga ina ya ɓullo ba. Muka shiga muna ta janye leda da kara.

“Auta, ja da ƙarfi! Bakin nan naka da shebur ne da tuni mun gama!”

Da toshiyar ta ɓalle sai da ta kusa tafiya da takalmina. Ruwan soro ya tsaya inda yake, ya fara ja da baya. Tsakar gida ta jiƙe, amma bai taka dokin ƙofar ɗakin Inna ba. Haka muka yi ta yi har damina ta fita, in hadari ya haɗu a fito a yashe. Ban san da bakin da zan gode wa baiwar Allahn nan ba. Na taɓa gwadawa, ta ce in na ga dama in daina zubar da ledar fiya-wata a layi.

Da kaka Kawu Jibril ya zo. Ya zagaya gida, ya danna katangar baya da tafin hannu, ya durƙusa ya duba gindin bangon ɗaki, ya fita ya daɗe a bakin kwata. Ya dawo ya zauna, Inna ta kawo masa fura.

“To, Saudatu, ni dai ɗakinki na can na sa an gyara.”

Inna ta gyara mayafi. Ban taɓa jin ta mayar masa da magana ba, sai ranar.

“An gode, Yaya. A sa hatsi a ciki. In ka koma ka gaishe mini da mutan gida.”